Kwalbar Da Ba A Sauke Ba

Shafi na 27

Masu nemana tun ranar Juma'a, na ga saƙonninku duka. 'Yata Suzu ce ta kwana biyu tana tari, ni kuwa in yarinya ba ta da lafiya waya sai ta jira. Wadda ta rubuto cewa in share hawaye in kama gabana, na gode, amma ki karanta wannan tukuna.

*

Ranar Talata ce, saura kwana huɗu mu tashi.

Tikiti biyu na cikin jakata, nawa da na Suzu, daga Düsseldorf ta Jamus zuwa gidan mahaifiyata a Kagoshima ta Japan. Na bayar da gadonmu, na bayar da keken yarinya, akwatuna uku na jere a bakin ƙofa. Abin da ya rage min kawai in ƙarasa makon nan a shagon tsiren kazar Baba Genzo, inda na shekara shida ina kai wa mutane faranti da kofi.

Ƙarfe uku da rabi na ɗauko Suzu daga makarantar reno, muka shiga ta ƙofar baya kamar kullum. Baba Genzo na gaban murhu yana yi wa gawayi fifita. Matarsa, Inna Tomie, tana soka nama a tsinke, cinya da albasa, cinya da albasa, ko kallon hannunta ba ta yi.

Ni kuma ranar Talata nake goge kwalabe.

Duk wanda ya saba da gidan yana da kwalbarsa ta giya a kan katakon bango, da ɗan allo mai sunansa rataye a wuyanta. In ka yi wata uku ba ka leƙo ba, a sauke ta. Baba ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan, ya taɓa sauke ta wani babban manaja kwana ɗaya tak bayan cikar wa'adi. Amma kwalbar mijina Ryohei wata goma sha huɗu ke nan tana nan, ta uku daga hagu. Ban taɓa tambayar dalili ba. Ina tsoron in na tambaya a tuna a sauke ta.

A makon da ya tafi na cire robar gashin Suzu, wata 'yar rawaya, na ɗaura wa kwalbar daidai inda giyar ta tsaya. Kada ku tambaye ni hikimar. Ina son dai in ga abu ɗaya da ya tsaya inda ya bar shi.

Ran nan na ɗaga kwalbar zan goge ƙarƙashinta, sai na ga roba tana sama, giya tana ƙasa. Yatsa biyu tsakaninsu.

Na ajiye tsumma.

Na ce wa Suzu ta shiga ɗakin tabarma ta zana wa Kaka ta Japan jirgin ruwa babba, mai tagogi da yawa, kuma kada ta fito sai ta gama tagogin. Na ja mata ƙofa. Sannan na dawo.

"Inna."

"Na'am."

"Wa ya taɓa kwalbar Ryohei?"

Ta soka cinya. Ta soka albasa.

"Zafi ne, 'yar nan. Giya takan tsotse."

"A watan Oktoba? Da murfinta a rufe?"

Fifitar Baba ta tsaya.

Inna ta ajiye tsinken, ta goge hannu a jikin rigar aikinta, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in zauna. Na ce a tsaye ma ina ji.

"Mai ita ne ya sha," in ji ta.

Na dafa kanta, dogon teburin da baƙi ke zama a gabansa.

Ga waɗanda suka shigo labarin a tsakiya: Ryohei shekara tara yana koyon aiki a hannun Baba. Akwai tukunyar romon da ake tsoma tsire a ciki, wadda Baba ya rungumo a kan cinyarsa cikin jirgi tun daga Japan. Ba a taɓa ƙarar da romon nan ba tun zamanin ubangidansa, kullum ƙari ake yi a kan tsohon, shekara hamsin da ɗoriya. Ita ce ta suɓuce daga hannun Ryohei ta tarwatse. Ya durƙusa ya kifa goshi a cikin romon da ya malale a ƙasa, Baba bai ce masa komai ba. Washegari na farka na tarar da makullin shago a kan tebur da takarda mai layi biyu: ba shi da fuskar da zai nuna wa kowa, in kula da Suzu.

Lokacin ko shekara uku ba ta cika ba. Na ce mata babanta yana aiki a jirgin ruwa, teku kuma yana da nisa.

Inna ta ba ni sauran labarin idonta na kan hannuwanta. Ashe duk ƙarshen shekara takan ɗebi romon a wata 'yar kwalbar zuma ta ɓoye a firijin gidansu, ko mijinta bai sani ba. Mako uku da tafiyar Ryohei, ranar Litinin da shago ke rufe, sai ga shi a ƙofar baya. Ya roƙa a bar shi ya reni sabon romo daga wannan ɗan ragowar. Da bakinsa ya ɗauki alkawari: ba zai shigo ta ƙofar gaba ba, ba zai nemi iyalinsa ba, sai ranar da Baba ya ɗanɗana ya ce ɗanɗanon ya dawo.

Tun daga nan duk Litinin yana zuwa, ashe romon da muke tsoma tsire a ciki kullum nasa ne. Ya dafa, ya tace, ya miƙa wa Baba cokali. Baba ya ɗanɗana ya ce tukuna. Sannan Baba ya zuba masa kofi ɗaya daga kwalbarsa, tunda a al'adarmu mutum ba ya zuba wa kansa. Ya shanye, ya je ya tsaya gaban bangon da muke liƙa zanen Suzu, ya daɗe, ya tafi.

"Ina yake zaune?"

"Duisburg. Yana yankan kifi a wani wuri."

Duisburg. Ko rabin awa ba a yi a jirgin ƙasa. Ni kuma ina nuna wa yarinya taswirar duniya ina cewa yau babanta ya kusa Afirka.

"To robar fa? Duk Talata ina dubawa, Inna. Ba ta taɓa gocewa ba."

"Ni nake matsar da ita ƙasa. In kwalba ta kusa ƙarewa in sayo wata, in rage ta daidai, in mayar da allon. Wannan ta huɗu ce."

Dariya ta zo min, mara daɗi. Wata goma sha huɗu ina goge wannan kwalba kamar fuskar jinjiri, wani lokaci har ina yi mata magana in babu kowa, ashe ma ba ita ba ce.

"Jiya me ya hana ki matsar?"

"Hannuna ya gaji," ta ce. "Na ga akwatunanki a raina, na kasa."

Na tambaye ta ko ya san zancen tafiyarmu ranar Asabar. Ta ce jiya ta faɗa masa. Na ce me ya ce. Ta ce ya miƙa wa Baba cokali, Baba ya ce tukuna, shi ke nan ya shanye kofinsa, ya wanke tukunyarsa ya tafi, ko gaban bangon bai tsaya ba.

"A watan Janairu da aka kwantar da Suzu a asibiti, numfashinta na sarƙewa, ya sani?"

"Ya sani. Kwana uku yana yini a tsallaken titi yana kallon tagogi."

"Tsayuwa a titi ba ta riƙe wa yarinya hannu in za a yi mata allura, Inna. Ni na riƙe. Ni ta ciza."



Na juya wajen Baba. Tun da na san shi ban taɓa yi masa magana ina tsaye yana zaune ba, amma ran nan ban ko rusuna ba.

"Baba, kullum ina cin tsiren nan. Tun bazara romon nan ya koma yadda yake. Tsofaffin baƙinka duk sun faɗa. Me ya rage?"

Ya ci gaba da kallon gawayi.

"Da saura," ya ce.

"Sauran me? Gishiri? Zaƙi? Ka faɗa min in rubuta."

"Ba harkar da za ki gane ba ce."

"Haka ne. Ni abin da na gane shi ne 'yata ta fara manta muryar ubanta saboda miya."

Inna ta tashi ta je ta tsaya a kansa. Guntuwa ce, ko kafaɗarsa ba ta kai ba in ya miƙe, amma da ta riƙe ƙugu sai na ga ya ƙanƙance.

"Kai tsoho. Faɗa mata, ko ni in faɗa."

"Ke dai ba kya iya riƙe bakinki."

"Shekara arba'in ina riƙe shi, ya yi tsami. Faɗa mata."

Ya ajiye mafici. Ya cire tawul ɗin da yake ɗaure kansa da shi, ya ninke, ya sake ninkewa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a cikin shago ba.

"Harshena ya mutu," ya ce. "Shekara biyu ke nan. Tun kafin tukunyar ta fashe. In na sa abu a baki, ruwa da romo duk ɗaya ne."

Sai ƙarar gawayi, da muryar Suzu daga ɗaki tana ƙirga tagogi da Jamusanci.

Ya ce da ido da ƙamshi yake gasa tsire yanzu, kuma Inna ce ke ɗanɗana masa komai a ɓoye kafin a buɗe. Ya ce Litinin ta farko da Ryohei ya miƙo cokali ya yi niyyar faɗa masa gaskiya, sai ya ga yadda yaron ke kallon bakinsa, ya kasa, ya ce tukuna. Mako na biyu ya fi wuya. Da aka yi nisa kuma sai ya ga in ya ce ya yi, ƙarya ya yi wa ubangidansa da ke kabari, in ya ce ba ya jin komai, ya gama zama mai shago.

Na dube shi. Wannan tsohon ne ya riƙe hannuna ranar aurenmu da babu kowa nawa a ƙasar nan. Shi ya sassaƙa wa Suzu cokalinta na farko. Na so in tsane shi na minti ɗaya kawai, abin ya ƙi.

Maza biyu, kowa kunya ta ɗaure shi a gindin tukunya, ni da yarinya muna tsakiya muna jiran jirgin da ba ya kan ruwa.

Na ɗauki kwalbar, na cire allon daga wuyanta, na kife shi a kan kanta. Inna ta rufe baki da hannu.

"Kira shi," na ce.

Baba ya lalubo waya da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce yanzu zai gaya masa romo ya yi, ya zo.

"A'a."

Suka dube ni.

"In ka ce masa romo ya yi, zai zo. Na sani. Zai zo da kai a sama, ya ɗauki 'yarsa ya juya ta. Sai kuma wata rana wani abu ya sake fashewa, don abu ba ya daina fashewa, in farka in tarar da takarda a kan tebur. Lokacin Suzu ta yi wayon da taswira ba za ta ruɗe ta ba. Ba zan sa ta a wannan layin sau biyu ba."

"To me zan ce masa?"

"Gaskiya. Ka ce ba ka san ko ya yi ko bai yi ba, kuma ba za ka taɓa sani ba. Ka ce na sauke kwalbarsa. In yana son a mayar da ita, ya shigo yau ta ƙofar gaba, a gaban mutane, ba tare da kowa ya wanke shi ba. Ƙarfe shida maƙwabciyata za ta zo ta tafi da Suzu. In ta tafi bai zo ba, zan tuttular da giyar, Asabar kuma mu tashi."

Inna ta ce na tsananta. Ta ce namiji irin Ryohei zai fi son ya faɗa kogin Rhine a kan ya shigo a haka. Na ce to ashe gara in sani yau.

Baba ya fita bayan shago da waya. Bai fi minti biyu ba ya dawo. Na tambaye shi me Ryohei ya ce. Ya ce bai ce komai ba, numfashi kawai ya ji, sai aka kashe.

Ƙarfe huɗu saura.

Na koma aiki, don ban san wani abin yi ba. Na jera ƙananan kwanukan abin taɓawa, na zuba waken da aka dafa da gishiri, na naɗe tawul masu ɗumi. Hannuna na yi, raina na wani wuri.

Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa Inna ba. A cikin akwati na biyu akwai wata tsohuwar rigarsa ta aiki, na ƙulle ta a leda tun bara don kada ƙamshin gawayin ya fita. Da nake haɗa kaya na ce wa kaina zan naɗe kofuna da ita. Babu kofi ko ɗaya a akwatin. Kuma har yau in na dafa shinkafa awon mutum uku hannuna ke ɗiba, sai na tuna in rage. Duk maganar da na yi wa Baba da gaske nake. Amma duk motsin da aka yi a titi sai in ɗaga kai in kalli ƙofa kamar budurwa.

Suzu ta fito da zanenta. Jirgi mai tagogi goma sha tara, a ɗaya daga ciki akwai ɗan mutum yana ɗaga hannu. Ba shi da fuska. Da can takan yi masa ido da baki.

"Mama, in muka je gidan Kaka ta Japan, jirgin babana zai san hanya?"

Na ce mata ta wanke hannu, an kusa buɗewa.

Ƙarfe biyar Baba ya ɗauko labulen ƙofa a sandarsa, ya fita ya rataya, alamar an buɗe shago. Baƙon farko shi ne na kullum, Baba Kuwabara, wanda ya yi ritaya tun ban zo ƙasar nan ba. Ya zauna a kujerarsa, ya goge fuska da tawul, ya kalli bango.

"Yau jerin ya yi giɓi kamar bakina. Wa ya mutu?"

"Sha giyarka," in ji Inna.

"Da ganin fuskokinku yau ko an zuba min ba za ta wuce ba. Maman Suzu, har yanzu kina kan bakanki za ki gudu ki bar ni da waɗannan tsofaffin?"

Na zuba masa, na yi murmushin aiki.

Biyar da kwata, wasu Jamusawa biyu. Biyar da rabi, ma'aikatan ofis huɗu da lakatayen wuya a kwance. Kowa ya ɗaga labule sai Suzu ta riga mu gaishe shi. Aikinta ke nan kafin a zo ɗaukarta: ta tsaya a kan ɗan akwatin lemo kusa da ƙofa, ta ce sannu da zuwa da iyakar muryarta, ta tambayi mutum nawa ne. Baƙi na son abin, wasu har sai sun rusuna mata.

Shida saura minti goma na ɗauko rigar sanyinta na rataya a hannun kujera.

Shida saura biyar na ɗauki kwalbar na tsaya gaban wurin wanke-wanke. Na kwance murfin. Na ga Inna ta juya baya.

Sai ƙofa ta zame.

Takalman na fara gani a ƙarƙashin labule, manyan takalman roba na masu aikin kifi, har da jiƙarsu. Sun daɗe a tsaye. Sannan hannu ya ɗaga labulen.

Ryohei ne. Ya rame. Ya aske kansa tas. Da a titi na gamu da shi, da sai na wuce na waiwayo.

Baba Kuwabara ya ajiye kofinsa a hankali.

"Sannu da zuwa!" in ji Suzu. "Mutum nawa ne?"

Ya dube ta. Ta karkata kai tana jira, kamar yadda take yi wa kowane baƙo.

Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Mutum ɗaya, gaban kanta!" ta faɗa wa Baba, ta sauko ta ja masa kujera da hannu biyu, ta je ta ɗauko masa tawul mai ɗumi.

Ya zauna. Bai kalli murhu ba, bai kalli tukunya ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗan allon da na kife, ya juya shi sunan ya kalli sama. Sannan ya ɗauki kofin da ke gabansa, ya riƙe da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya miƙo shi wajena.



Kwalba na hannuna a buɗe. Magudana a haguna, kofi a damana. Ta gilashin ƙofa na hango maƙwabciyata ta tsallako titi.

Suzu ta ja min gefen riga.

"Mama, baƙo na jira. Ki zuba masa mana."